Ɗakin da Ba a Shiga da Ƙarfe

A bayan wata cibiyar binciken sararin samaniya, can nesa da titi, akwai wani ɗaki na katako da aka gina ba tare da ƙusar ƙarfe ko ɗaya ba. Ƙusoshinsa na tagulla ne, mariƙin ƙofarsa roba, kujerunsa itace ne da aka haɗa da gam. A nan ake gwada na'urar auna maganaɗisu, wadda za a ɗaura a ƙarshen wata doguwar sanda a jikin kumbo a harba ta sararin samaniya. Aikinta a can shi ne ta ji motsin maganaɗisun da ke tafe cikin iskar rana, wato zazzafar iskar nan mai ɗauke da lantarki da rana ke furzarwa kullum, wadda masana ke kira filazma. Na'urar ba ta kai girman kofin shayi ba, amma jinta ya wuce misali. Idan mutum ya gifta ta gefenta da makulli a aljihu, nan take za ta kai ƙararsa.

Wanda ya ƙera ta, kuma yake shugabantar ɗakin, wani injiniya ne da furfura ta fara ci wa gemu. A gabansa Yallaɓai ake ce masa. A bayansa kuwa sunansa Malam Cire, saboda ita ce kalmar da yake gaisawa da mutane da ita. Kowace safiya yakan tsaya a bakin ƙofa da kwando a ƙasa da wata 'yar na'urar bincike a hannu, ya shafa mutum daga kai har ƙafa. Cire bel. Cire agogo. Cire tabarau, ga na roba nan a aro. Ya taɓa korar babban daraktan cibiyar saboda zif ɗin wandonsa, darakta ya koma ofis yana huci. Mutum ɗaya ne kawai ba a taɓa shafawa da na'urar nan ba, shi ne mai riƙe da ita. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Duk inda aka sa mai bincike a ƙofa, a duba da kyau, shi ba ya bin layi.

Matsalar ta fara ne ana dab da zuwan motar da za ta ɗauki na'urar zuwa inda ake harhaɗa kumbon. Gwaji ɗaya ya rage. A tsakiyar ɗakin akwai manyan gammaye na waya da suka fi mutum tsawo, idan aka sa musu wuta sai su kashe maganaɗisun duniya a tsakaninsu, wurin ya zama shiru kamar sararin samaniya. A nan ake ajiye na'urar, Malam Cire ya sunkuya ya kai fuskarsa kusa da ita don ya ga alamar saiti, ya juya ta da hannu a hankali. Can gefe kuma mataimakiyarsa, wata malamar kimiyya da kowa ke kira Dakta, tana zaune gaban kwamfuta tana kallon wani koren layi. Idan komai lafiya, layin zai kwanta kamar zare a kan tebur.

Layin ya ƙi kwanciya. Sai ya yi kamar zai natsu, ya sake zabura.

"Yallaɓai, yana rawa," in ji Dakta.

"Ba don rawa na ɗauke shi ba. Wa ya shigo da ƙarfe?"

"Ga shi ya ƙara tsalle yanzu."

"Na ce wa ya shigo mini da ƙarfe?"

Layin ya yi sama kamar an taka masa wutsiya.

Kowa ya san abin da zai biyo baya idan ba a gano dalili ba. Masu kumbo ba sa jiran kowa. Idan na'ura ta faɗi gwaji, sukan sassaƙa dunƙulen alminiyam mai nauyinta daidai, su ɗaura a gurbinta don kada kumbon ya karkace, su harba. Malam Cire ya san har an riga an sassaƙa dunƙulen, yana ajiye a kan wata kanta a can. Rabin rayuwarsa ta aiki ya zuba a wannan abu mai kama da kofin shayi, ga shi ana shirin tura kurman ƙarfe ya je ya saurari rana a madadinsa.

Sai ya tasar wa mutanensa. Ya sa aka kwashe duk sukudireba aka sake wanke su daga maganaɗisu. Ya sa aka ɗaga katakon ƙasa ana neman ƙusar da wani kafinta marar tsoron Allah ya ɓoye. Dakta ta cire 'yan kunne, ta cire fil ɗin mayafinta, ta koma ɗaure shi da zare. Layi bai fasa ba. Daga nan zargi ya sauka a kan Dogo, makanikin ɗakin, wanda suka fara aiki tare da Malam Cire tun suna da gashi a ka.

"Kai ne, Dogo. Tun da ka sayi sabon takalmin nan abin ya fara."

Dogo ya cire takalmi. Washegari aka ce wandonsa ne, ya zo da zane ya ɗaura kamar mai shirin wanka. Da layin ya ci gaba da rawa, Malam Cire ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ƙila a jininka yake. Fita. Kada ka sake taka ɗakin nan sai na neme ka."

"To mutumina," in ji Dogo, "idan jinina na jan ƙarfe, me ya sa bai taɓa jawo mini ƙarin albashi ba?"

Ya ɗauki kujerarsa ya kafa a ƙarƙashin bishiyar da ke nesa da ɗakin, yana shan shayi yana gaida masu wucewa. Aka kunna gammaye ba Dogo. Layi ya yi rawar da bai taɓa yi ba.

Ranar da za a yi gwajin ƙarshe, da sassafe, Malam Cire yana banɗaki yana aske gefen gemu sai ya ji matarsa tana dariya ita kaɗai a ɗaki. Ta leƙo da wani abu a tafin hannu.

"Maigida, ka yi wa haƙoranka faɗa. Sun fara sata."

A nan sai an koma baya kaɗan. Malam Cire ya daɗe yana fama da haƙoran ƙasa, har likita ya cire kusan duka. A lokacin hutunsa na ƙarshe aka yi masa na roba, farare tas, masu zama daram. Ba wanda ya sani a wurin aiki. Ya dawo yana murmushin da ba a saba gani ba, aka ɗauka hutu ne ya karɓe shi. Da dare yakan cire su ya ajiye a kan kanta, da safe ya mayar, su manne da wata 'yar ƙara, ƙyas, mai daɗin ji.

Yanzu ga su a hannun matarsa, allurar ɗinkinta ta maƙale a ƙarƙashinsu tana lilo.

"Ina ta nemanta," ta ce. "Na ajiye ta kusa da su zan sa maka maɓalli, ashe sun kama ta."

Ya karɓa, ya janye allurar, ya sake kawo ta kusa. Ta yi tsalle ta manne. Sai ya zauna a bakin gado da kumfa a rabin fuska.

"Likitan bai ce akwai maganaɗisu a ciki ba."

"Ya ce mana. Ina zaune. Ya ce akwai ƙanana guda biyu da za su riƙe su. Kai kana can kana kallon madubi kana juya kai kamar ango."

Sai komai ya jeru masa. Shi ne mai kai fuska kusa da na'ura. Idan ya yi shiru, layi ya lafa. Idan ya buɗe baki yana faɗa, haɓa na motsi, maganaɗisu na motsi, layi ya tashi. Duk kwanakin nan na'urarsa lafiyarta ƙalau, masifarsa kawai take aunawa, kuma daidai take auna ta.

"Ka je ka gaya musu," in ji matar. "Ka fara da Dogo, bawan Allah, da kuka sa shi ɗaura zane da girmansa."

"Ke ba ki san aiki ba. Shugaba ba ya tsayawa gaban ma'aikata ya zare baki ya ajiye a kwando."

"To ka tura ƙarfen can ya tafi sama, kai ka zauna da haƙoranka. Sai ka riƙa yi wa rana murmushi daga ƙasa."

Shi kuwa ya riga ya samo dabara. Mutum mai girman kai ba ya rasa dabara, gaskiya ce kawai take yi masa nisa. Da ya isa wurin aiki sai ya cire haƙoran a cikin mota, ya naɗe su a hankici, ya tura cikin akwatin gaban mota ya kulle. Ya ɗauko takunkumin yadi ya rufe hanci da baki. Ya nuna wa Dakta maƙogwaronsa, ya yi ɗan tari na ƙarya, alamar mura ta kama murya.

Wakiliyar masu kumbo ta riga ta iso. Wata mata ce gajera mai tabarau, wadda aka fi sani da Mai Hatimi, don ba abin da ke hawa kumbo sai ta buga masa hatimi. Ba ta jira an ce mata cire ba. Da kanta ta zuba agogo da zobe da waya a kwando, ta fito da tabaraun roba daga jakarta ta saka. Malam Cire ya ji ta burge shi, kuma ya ji tsoronta.

Aka kunna gammaye. Ya sunkuya ya juya na'ura, bakinsa a rufe. Layi ya kwanta. Ya juya ta ɗaya gefen, layi bai ko yi numfashi ba. Aka bi gwajin daga farko har ƙarshe, abin ya yi kyan da ba a taɓa gani ba. Dakta ta jingina da kujera ta yi hamdala. Malam Cire ya ɗaga hannu biyu sama, a zuciyarsa yana yaba wa kansa.

Mai Hatimi ba ta taɓa hatiminta ba.

"Ya yi kyau," ta ce. "To me ya same ta a kwanakin baya? Dakta ta turo mini hoton layin, na ga yadda yake tsalle."

Malam Cire ya watsa hannu, wai abin ya wuce.

"Me kuka gyara?"

"Ba mu gyara komai ba, ranki ya daɗe," in ji Dakta. "Jiya da yamma yana rawa, yau ya daina."

"To ban karɓa ba."

Malam Cire ya nuna kwamfuta da ƙarfi, ya nuna layin, ya sake nunawa.

"Na gani, Yallaɓai, idona biyu. Amma ciwon da ya tafi da kansa yakan dawo da kansa. Idan ya dawo a nan, ga ka ga sukudireba. Idan ya dawo bayan kumbo ya wuce wata, wa zan aika? A wurinmu ba a cewa an warke sai an nuna abin da ya kawo ciwon, an kawo shi layi ya tashi, an ɗauke shi layi ya kwanta. Idan ba haka ba, ƙila wata waya ce ta saki a cikinta, yau ta ga dama ta zauna." Ta duba inda agogonta yake zama, ta tuna yana kwando. "Direba zai ci abinci ya yi salla. Idan ya gama ba ku nuna mini dalili ba, zan tafi da mota ba kaya, a ɗaura dunƙulen."

Can sai Dakta ta ce, "Abu ɗaya ne ya canza yau. Yallaɓai bai yi magana ba." Ta ɗan yi dariya don a san wasa take yi. Ba wanda ya taya ta.

Malam Cire ya fita. Ya bi ta gaban bishiya, Dogo ya ɗaga masa kofi.

"Mutumina, an kama ɓarawon? Ko in je a zuƙe jinin a kawo maka a kwalba?"

Malam Cire ya wuce shi. Ya shiga motarsa ya zauna, ya buɗe akwatin, ya kwance hankicin. Haƙoran suna masa murmushi. Daga inda yake yana hango motar ɗaukar kaya, ƙofarta ta baya a buɗe, cikinta an shimfiɗa soso an tanadi igiyoyi, wurin na'urarsa. Direban yana zaune a inuwa, ya kusa cinye abin da ke cikin kwanonsa. Ya yi tunanin ya ce maganaɗisun a aljihun rigarsa ya tsince shi. Amma Mai Hatimi za ta ce a kawo shi a gwada, kuma duk wanda ya kawo, tsallen layin ba zai yi daidai da na hoton ba. Matar nan ba a yi mata rabin gaskiya. Ya duba madubin mota, ya ga kumatunsa sun lotsa a bayan takunkumi. Ya naɗe hankicin ya fito.

A gaban bishiya ya tsaya ya yafito Dogo.

"Ni? An ɗage dokar?"

Ya gyaɗa kai. Dogo ya gyara zanensa ya biyo shi.

A cikin ɗaki Malam Cire ya yi wa Dakta alama ta kunna gammaye. Layi ya kwanta. Ya kwance hankicin, ya kawo abin da ke ciki kusa da na'urar. Layi ya yi sama. Ya janye, layi ya kwanta. Ya buɗe takunkumin, ya mayar da haƙoran bakinsa, ƙyas, ya sunkuya inda ya saba sunkuyawa ya ce da muryarsa ta kullum, "Wa ya shigo da ƙarfe?"

Layin ya yi rawarsa ta kwanakin baya, ba ragi ba ƙari.

Dakta ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na girgiza don dariya. Dogo ya daɗe yana kallon abokinsa, sannan ya ce a hankali, "Ashe shi ya sa ka dawo hutu kana ta yaƙe mana baki. Ni na ɗauka ƙarin girma aka yi maka."

"Dogo, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Na yafe. Amma zanen nan na matata ne, ita za ka je ka ba haƙuri."

Mai Hatimi ko murmushi ba ta yi ba. Ta matso da kujera kusa da kwamfuta. "A sake. Da haƙora."

Ya saka, ya yi magana, layi ya tashi.

"Ba haƙora."

Ya zare, layi ya kwanta.

"A dasashin fa? Ba a dasa wani ƙarfe da suke kamawa ba?"

Ya ɗaga yatsu biyu.

"To buɗe bakin kusa da ita mu gani."

Babban injiniya, mai korar darakta, ya sunkuya ya wangale wa na'urarsa baki kamar jariri a gaban cokali. Layin ya ɗan yi tudu kaɗan. Ta auna tudun ta ce wannan bai kai abin damuwa ba. Ta sa aka maimaita komai daga nesa daban-daban, Dogo yana riƙe da ma'aunin katako yana kiran tazara, shi kuma yana sakawa yana zarewa, har ya daina jin kunya ya fara jin gajiya. A wani zagayen ma shi da kansa ya tsayar da su, ba haƙora a baki, kalmomi na zamewa, ya ce Dogo ya karkatar da ma'auni, a sake. Aka sake.

Sai da ta gamsu sannan ta buɗe jaka ta fito da hatimin, shi ma na katako ne, ta buga.

"Na'urarka lafiya lau, Yallaɓai. Wadda ta ji haƙori a cikin bakin mutum ba za ta rasa jin iskar rana ba. A sa ta a akwati." Ta fito da wata 'yar leda ta buɗe masa. "Saura waɗannan."

Ya dafe baki.

"Dole in tafi da su. Sai an auna ƙarfinsu a ɗakin gwajinmu, a tabbatar ba su bar wa na'urar wani tabo ba, tunda sun daɗe suna shaƙuwa. Idan an gama za a aiko maka."

"Yaushe?"

"Akwai layi a gabansu. Akwai injin wani kamfani da batura."

Ya duba akwatin da Dogo ke ɗaure wa igiya, ya duba ledar. Ya zare su ya saka a ciki. Ta liƙe bakin ledar, ta rubuta lamba a jiki, ta tambaye shi yadda ake rubuta cikakken sunansa. Dakta ce ta amsa, don shi ba a gane abin da ya ce ba.

Su huɗu suka rako akwatin har mota. Malam Cire da kansa ya ja kowace igiya ya tabbatar ta ɗauru, ya sa direba ya rantse ba zai faɗa rami ba. Mai Hatimi ta ce ledar ba za ta zauna kusa da na'ura ba, don haka ta shiga gaba ta ɗora ta a cinya. Mota ta tashi a hankali ta nufi ƙofar cibiya, na'ura a baya, haƙora a gaba kusa da taga.

"To mutumina," in ji Dogo, "yau dai kai da nama sai kallo. Zo mu je in saya maka ayaba."

Malam Cire bai motsa ba sai da motar ta sha kwana lafiya, ba ta taɓa ko bakin kwalbati ba. Sannan ya bi shi.